Ƙyauren Gidan Hajjo

A unguwar Gudji, kafin yaƙi, ba a yi wa baƙo kwatancen gidan Usta Ilyasu. Ce masa ake yi ya bi ƙarar guduma. Tun hantsi take tashi daga zauren nan da hayaƙi ya rine, ta bi layinmu har bakin rijiya, ba ta yin shiru sai ladan ya kira azahar. Larabawan gari suna ce masa usta, 'yan boko su ce mai sudir, fataken da suka zo daga Najeriya su ce mai walda. Shi kuwa duk wanda aka kira amsawa yake yi, kansa a sunkuye.

Mahaifinsa, Malam Ummaru maƙeri, da ƙafa ya taso daga Damagaram da niyyar Makka, tun garin nan yana amsa sunan Fort-Lami. Guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya kafa maƙera ya yi damina ɗaya. Daminar nan ta kawo aure, ta kawo Ilyasu, ta kawo furfura. Har aka kai shi makwancinsa bai yarda cewa ya zauna ba. In aka ce ya dasa bishiya a tsakar gida sai ya ce, "Wa zai sha inuwarta? Mu da muke kan hanya." Bayan zugazugi da awartaki, abin da ya bar wa ɗansa ƙa'ida ce guda, cewa kada ya ƙera abin da mutum biyu ba za su iya ɗagawa su tafi da shi ba.

Ilyasu bai tsaya ga zugazugi ba. Ya yi shekaru a wani gareji ya koyi walda, sannan ya dawo zauren ubansa da tulun iska da baƙin tabarau. Fartanya, lauje, ƙafar keken ɗinki, injin markaɗe, murhun gawayi, duk abin da ya tsufa a unguwa wurinsa yake zuwa jinya. Yana da wani hali da kowa ya sani: ba ya iya zama kusa da abin da ya lalace. In ya je gaisuwar mutuwa ya ga butar alwala tana yoyo, da ita zai fito a ƙarƙashin riga, gobe ya mayar. Matarsa Zaliha takan ce da ita ma ƙarfe ce, da tuni ya miƙe mata bayanta.

Amma abin da ya yi masa suna shi ne ƙyamare. Gangar mai yake farkewa ya baje ta, ya ɗaura ta a kan ƙarafa, ya sa sakata. Kusan duk ƙyauren da ke layinmu aikinsa ne, kuma duk awonsu ɗaya, domin da sandar tafiyar mahaifinsa yake aunawa. Bai taɓa liƙe ƙyaure da bango ba. Ƙusoshi biyu masu kauri yake kafawa a tsaye a jikin firam, ya yi wa ƙyauren zobba biyu, a ɗaga a zura. In yana rufe ba ya motsi. In aka buɗe shi, mutum biyu suka ɗaga sama, sai ya fito a hannunsu kamar an cire hula.

A shekarar 1980, cikin zafin bazara, bindigogi suka tashi a tsakiyar gari. Ba wanda ya iya gaya mana wa ke harbin wa. Da safe a ce waɗannan ne ke riƙe da unguwa, da la'asar wasu masu irin rawaninsu su zo suna tambaya ina waɗancan suka bi. Mutane suka fara gangarawa bakin kogi da ƙullin kaya a ka, suna neman kwalekwalen da zai tsallake da su Kuseri.

Mazan layinmu suka taru a ƙofar masallaci. Labari ya zo daga wasu unguwanni cewa masu kwasar ganima ba sa tsayawa ga abin da ke cikin ɗaki. Su ɓalle ƙyaure su shiga, in za su fita su tafi da shi, domin a gidan ƙasa shi ne abin da ya fi shiga kasuwa. Ilyasu, wanda ba ya magana a taro, ya ce, "Ku cire su ku kawo gidana. Gidan da yake a buɗe, mai wucewa zai ɗauka an riga shi."

Dawuda, wani ɗan kasuwar yadi da bai daɗe da zuwa daga Gusau ba, ya riƙe baki. "Wato mu bar gidaje a hangame don kada a sace ƙofa? Usta, a garinmu wanda ya faɗi haka rubutu ake ba shi ya sha."

"A garinku ƙyaure yana fita?"

"Ba ya fita."

"To shi ya sa."

Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi cikin tsoro. Sai wani abu ya fashe can wajen kasuwa, ƙasa ta amsa, shawara ta ƙare ba tare da kowa ya tabbata an yanke ta ba. Kafin la'asar ana ta shiga gidan Ilyasu da ƙyamare, mutum bibbiyu. Ya jingine su a bangon tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce a rubuta sunaye. Ilyasu ya ce ba sai an rubuta ba, yadda gidajen suke jere daga masallaci zuwa rijiya haka ya jera su.

Wadda ta ba da wahala ita ce Hajjo, tsohuwar da ke zaune kusa da rijiya, idanunta sun yi hazo. Ɗanta tilo, Abdulgani, direban babbar mota ne. Ya tafi Abeshe da lodi gab da a fara harbi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan". Da ƙyar 'yar ƙanwarta Hansai ta shawo kanta ta yarda za ta tsallaka. Da aka ɗaga ƙyaurenta ta dafa shi da tafin hannu.

"Ilu, amana ce. Shi zan dawo in tarar, ba wani ba."

"Shi ɗin, Inna, in Allah ya so."

Ilyasu ya tura 'ya'yansa Kuseri tare da kawunsu, ya ce shi ba ya barin kayan mutane. Zaliha ta kwance ƙullin da ta riga ta ɗaure. "Wa zai dafa maka, Usta? Ƙyamaren?"

Layi ya zama kufai. Ba mai kawo fartanya, ba mai kawo buta. Ilyasu yakan zauna a tsakar gida da kofin shayi yana kallon amanarsa, ita ma tana kallonsa. Wannan tsatsa ta ci gindinsa. Wancan ya lotsa. Ga wanda yara suka karce da ƙusa, ga wanda sakatarsa ta karkace tun bara mai shi bai kawo ba. Ya daure iyakar daurewarsa, ya juya musu baya, ya koma zaure, ya dawo. Wata safiya Zaliha ta fito ta same shi ya kwantar da na farko a ƙasa.

"Me kake yi?"

"Dubawa kawai nake yi."

Tsoro yake kada ƙarar guduma ta jawo masu bindiga, sai ya koyi bugu tare da su. In bindiga ta yi magana ya buga, in ta yi shiru ya ɗaga hannu ya jira. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe inda ya lotsa, ya toshe huda da ragowar iskar walda, ya kankare tsatsa. Akwai gwangwanayen koren fenti da suka yi saura daga wani aiki, ya shafe su duka da shi. Kowanne ya gama sai ya mayar da shi gurbinsa a layi. A cikin garin da ake ta rushewa, tsakar gidan nan ta yi kore shar kamar fadama, zuciyarsa ta sami wurin kwanciya.

Da damina ta sauka faɗan ya matso. Wata rana Ilyasu ya fita neman gero, wani abu ya faɗo a gidan maƙwabta ya tashi da ɗaki guda. Wasu mata da hanya ta yanke musu suka faɗo gidan da goyo suna salati. A bayan ɗakin girki akwai ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Zaliha ta tura su ciki, suka jawo ƙyamare suka rufe bakinsa, wani kan wani, suka zuba ƙasa a sama. Da Ilyasu ya dawo ya tarar da bango tsirara.

"Zaliha, wanne kika fara ɗauka?"

"Wanda hannuna ya kai."

"Daga wajen masallaci ko daga wajen rijiya?"

"Shigo ka zauna, Usta, kafin a raba ka da kan da kake tambaya da shi."

A ƙarƙashin ƙyamaren nan suka ƙarasa damina. Ƙarafa suna sauka a kansu kamar ƙanƙara, ba wanda ya ratsa. Yakan kwanta rigingine da rana tsaka, haske yana tsiyayowa ta tsakaninsu inda ƙasar ta zube, yana duban koren da ke bisa kansa yana neman ya gane na wane ne. Duk fuskarsu ɗaya. Shi ya yi musu fuskar.

Bayan sanyi bindigogi suka lafa, mutane suka riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Layin da suka tarar ba shi suka bari ba. An sare dalbejiyoyi an yi girki da su, ruwa ya narkar da katangu, wani gidan ya haɗe da na maƙwabcinsa. Wasu gidajen ba a taɓa su ba, wasu an kwashe har tabarma, wani kuma awaki aka samu a ɗakin maigida. Har yau ana gardama ko dabarar Usta ta yi amfani.

Ƙyamaren dai suna nan. Da mutane suka gan su sababbi fil sai murna. Ilyasu ya fara bayanin cewa sun cakuɗe, ba wanda ya tsaya saurare. Gado mai shayi ya ce nasa da ya tafi ko kare ba ya tarewa, wannan kuwa ko gwamna sai ya yi sallama. Dawuda ya zagaya ya zaɓi wanda ya fi sheƙi. "Nawa ne wannan, na gane shi. Gudun hijira ya karɓe shi, har ƙiba ya yi."

An ɗebi kusan rabi kafin Hansai ta shigo riƙe da hannun Hajjo. Tsohuwar ta ƙara ramewa. Ba ta tambayi kowa ba, ta durƙusa gaban ƙyamaren da suka rage tana shafa gindin kowanne. Ta kai ƙarshe, ta dawo farko.

"Ilu, ina nawa?"

"Yana cikinsu, Inna. Ko kuma cikin waɗanda aka fita da su."

"Nawa yana da lotsawa a nan ƙasa, kamar bakin ƙwarya. Yaron nan ne ya daka shi da keke yana ƙarami. Duk tafiyar da ya dawo sai ya taɓa wurin da ƙafa kafin ya yi sallama, ina jinsa daga ɗaki. Yanzu ba bishiya, ba katanga, ni kaina sai da aka nuna mini gidana. Da me zai gane?"

Ilyasu ya ce, "Na gyara su, Inna."

"Wa ya ce ka gyara?"

"Ba wanda ya ce."

Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa wa Hansai hannu suka fita. Ya bi su da wani ƙyaure ya ce ta riƙe kafin a gano nata, ta ce a mayar. Tabarma ta sa aka rataya mata a ƙofa. Kullum tana zaune a bayanta, in babbar mota ta yi gurnani can bakin titi sai ta karkata kai har ƙarar ta mutu.

Ilyasu ya hana a ƙara ɗaukar ko ɗaya. Ya bi gida-gida yana sallama, ya durƙusa yana laluben cikin ƙyamaren da aka riga aka rataya, yana neman sawun gudumarsa. Ko'ina ya same shi. Ashe duk ƙyauren duniya a gindi yake shan wahala, akuya ta tunkuya, jaki ya harba, turmi ya gangaro, yaro ya yi shuri. Ya tuna na Hajjo yana cikin ayyukansa na farko-farko, amma na farko-farkon ma suna da yawa. Ya koma ya tambaye ta dama ko hagu. Ta ce dama. Ya ce in za a shiga ko in za a fita? Ta ce in za a shiga, washegari ta aiko Hansai ta ce in za a fita. Hansai kuma ta ce ita a tsakiya take tuna shi.

Waɗanda ba su karɓi nasu ba suka fara ƙorafi. Suna da 'yan mata a gida, ga ɓarayi sun yi yawa, don me za su kwana a buɗe saboda lotsawar da babu ita? Hajjo kuwa tari ya kama ta a bayan tabarma. Ilyasu ya daina cin abinci sosai. Yakan tsaya gaban ƙyamaren ya nuna ɗaya da yatsa, ya ce wannan ne, kafin ya sauke hannu zuciyarsa ta koma kan na kusa da shi.

Zaliha ce ta gaji. "Kai ka miƙe shi, kai za ka lotsa shi. Ɗauki ɗaya ka daka."

"In ɓata lafiyayyen abu da hannuna?"

"Tsohuwa ce lafiyayyen abin da kake ɓatawa."

Ya tafi wurin liman, Malam Yunusu, bayan la'asar ya zayyana masa komai. Malam ya ce:

"In nata ne, ka mayar masa da kamanninsa, ka cika amana. In ba nata ba ne, ka yi wa makauniya ƙarya. To wanne ne?"

"Ban sani ba, Allah gafarta Malam."

"To ni ma ban sani ba, Usta. Allah ya sani."

Da safe ya zaɓi ɗaya cikin tsofaffin, ya jingine shi, ya ɗauko guntun kututture mai faɗin tayar keke ya dafa a gindinsa. Ya ɗaga guduma, hannun ya ƙi. Bugun farko ko ƙuda ba zai kashe ba.

"Lallashinsa kake yi?" in ji Zaliha daga bakin murhu.

Ya rufe ido ya sake. Ƙarfen ya yi kuka ya lotsa. Girgizar ta ɓantare fenti ƙasa da wurin kamar taƙi guda, sai ga sawun gudumarsa a zagaye, alamar wata tsohuwar lotsawa mai faɗin bakin ƙwarya da ya miƙe da bazara. Ya durƙusa yana kallo. Keken Abdulgani ne? Kan akuyar wani ne? In nata ne, to ya ɓata shi a inda ba nan ba ne. In ya sake dakawa a ƙasa, lotsawa ta zama biyu. Ya shafa wa wuraren toka da baƙin mai, ya kira Gado suka ɗauka.

Suka zura shi a ƙusoshin gidan Hajjo, ya zauna daram, kamar yadda kowanne zai zauna. Ta fito ta durƙusa. Yatsunta suka shiga lotsawar suka zagaya bakinta, suka fita, suka sake komawa.

"Shi ne," in ji ta.

Ilyasu ya saki numfashi. Ya juya zai tafi ta ƙara da cewa, "Sai dai ya hau sama kaɗan. Ko ni ce na ƙanƙance." Ta ja ƙyauren ta rufe. Ya tsaya a waje bai san ko ta gane ba, ko ta yafe, ko kuwa da gaske ta yarda.

Sai bayan wata damina Abdulgani ya dawo, da rana tsaka, a rame, yana jan ƙafa ɗaya. Masu bindiga ne suka ƙwace motar da shi a ciki, ya yi ta tuƙa su har ya sami hanyar sulalewa. Hajjo ba ta yi guɗa ba, ba ta kama sunansa ba. Ta dama fura ta aika wa Ilyasu, ta ce Hansai ta gaya masa, "Ba na faɗa maka ba?"

Da Abdulgani ya huta ya zo zauren Ilyasu gaisuwa. Bayan an yi barka da arziki Ilyasu ya tambaye shi, kamar ba da wata manufa ba, yaya ya gane gida.

"Ina na gane, Usta? Na kai rijiya na dawo, na sake kaiwa na dawo, duk ƙofofi kore. Gado ne ya kama hannuna ya kai ni."

"Lotsawar fa? Ta keke?"

Abdulgani ya yi ɗan tunani. "Wane keke? Sani ɗan maƙwabtanmu ne mai keke. Ko na taɓa ara, ban tuna ba." Ya miƙe yana karkaɗe riga. "Af, ka ma tuna mini. Ƙyauren namu ya lotsa a ƙasa, yana kartar dandamali in an buɗe. In ka sami sarari ka zo ka miƙe mana shi, don Allah."

Ilyasu ya zauna bayan fitarsa har inuwa ta juya. Sannan ya ɗauki guduma da kututture ya bi layi zuwa wajen rijiya. Ƙyauren yana buɗe rabi, Hajjo tana zaune daga ciki tana tsince shinkafa da laluben yatsu. Ta ɗago kai.

"Ilu ne? Na ji ƙarfe a hannunka. Me ka zo yi?"

Ya dubi lotsawar, ya dubi gudumar.

"Ban sani ba tukuna, Inna."

"To shigo ka zauna har ka sani."